Farfela Biyu Daga Anaca

Da damina ne aka jawo motar Baba gida da sarƙa. Ina tsakar gida ina taya Inna tsintar shinkafa muka ji ƙugin babbar mota a ƙofar gida, da hayaniyar mutane. Na leƙa, sai ga motarmu ɗaure a bayan wata tifa, jar laka ta rufe ta har gilashi. Baba na ciki, amma ba shi ke riƙe da sitiyari ba, wani baƙon direba ne. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba a kujerar fasinja a cikin motarsa ba sai ranar.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Fatakwal, inda aure ya kai ni, na zo gida ne hutun makaranta. A Inugu aka haife ni, a unguwarmu ta Hausawa da ke kusa da kasuwar Ogbete. Baba ya zo garin yana saurayi. Ya yi dako, ya bi manyan motoci, har ya zama direba mai motar kansa. Motar tsohuwar a-kori-kura ce, irin mai jan ƙafa huɗu. Da ita yake shiga ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba, ya ɗauko wa 'yan kasuwarmu awaki da doya da manja da shinkafa. Hanyoyin nan in ruwa ya sauka sai su koma kwata, wasu wuraren ma sai an ratsa rafi. Direbobi da yawa sukan ajiye zuwa can har sai rani. Baba bai taɓa ajiyewa ba.

Ya sauko ya yi wa mai tifar godiya, ya shigo ya nemi ruwan alwala. Inna ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, farfela ce ta saki a hanya. Inna ba ta ja zancen ba.

Washegari aka tura motar zuwa Kol Kam, tsohuwar unguwar ma'aikatan kwal, inda ake sayar da kayan gyaran mota. Can garejin bakanikensa yake. Dattijo ne Ibo, sa'an Baba, gajere mai furfura, wanda tun ina ƙarama nake ganinsa a gidanmu kowace sallah yana cin tuwo da miyar taushe. Da rana Inna ta ba ni abincin Baba na kai masa. Na tarar an kwanto wasu dogayen ƙarafa biyu daga ƙarƙashin motar an shimfiɗe su a kan kwali, ɗaya doguwa, ɗaya gajera. Su ne farfela. Su ke ɗaukar juyin inji daga giya su kai wa ƙafafu, doguwar ta kai baya, gajerar ta kai gaba. A kowane ƙarshe akwai mahaɗi mai kai huɗu da suke kira kuros, shi ke ba ƙarfen damar lanƙwasawa in mota tana tsalle a gargada.

Bakaniken ya durƙusa yana yi wa Baba bayani da Turancin broka, kamar yadda suka saba. Ya ce ta gaban tsufa ne kawai ya cinye ta. Da ya zo kan ta bayan sai ya dakata. Ya ɗora hannu a tsakiyarta, inda ƙarfen ya lotsa kamar an maka masa guduma. Ya ɗago kai, maimakon ya dubi Baba sai ya dube ni. Ban gane kallon ba a lokacin.

"Duka biyun za a canza," in ji Baba.

"Alhaji, wannan ana iya gasa ta a miƙar."

"A'a. In an gasa ta ba za ta ƙara zama daidai ba. Ba zan ɗora mata kaya ba."

Ya zaro igiyar ɗinkin buhu daga aljihu, ya auna tsawon kowace, ya ƙulla ƙulli a inda ta tsaya. Ya sa aka kwance masa faifan ƙarfen da ke bakin tsohuwar, mai huda huɗu, ya jefa a jaka tare da sifana guda. Sannan ya juyo wajena. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, gobe za ki raka ni mu nemo."

Na yi mamaki. Baba ba ya zuwa sayen kayan mota da kowa, balle mace.

"Ibonki ya fi nawa," ya ce. "In suna magana a tsakaninsu sai ki jiyo mini."

Da safe muka fara da shagunan Kol Kam. Da za mu tsallaka titi ya kama wuyan hannuna ya riƙe. Na yi dariya a raina, na ce har yanzu kallon yarinya yake mini.

A shagon farko aka fito mana da sabuwa dal, a naɗe cikin leda, baƙin fentinta na sheƙi. Ni da na gan ta na ɗauka mun gama. Baba ya karɓa ya jinjina nauyinta, ya jingina ta da kafaɗa, ya ƙwanƙwasa da sifana yana kasa kunne.

"Kin ji? Kamar gwangwanin madara. Ƙarfen ba shi da kauri."

Ya bi kuros ɗin da ɗan yatsa yana laluben wani abu, bai samu ba. Ya ce a jikin na kirki akwai ɗan ƙaramin kai da ake ɗura giris ta ciki.

"Wannan a rufe aka yi shi. Na masu yawo a kwalta ne. Ni da nake shiga rafi, ruwa da yashi za su shige, ba ni da hanyar koro su. In akwai kan giris, kina dawowa ki ɗura sabo, ya turo dattin waje."

Ya miƙa wa mai shagon kayansa, ya yi godiya. Muka shiga na biyu da na uku. A na huɗu aka ba shi wata mai nauyi, wadda sautinta ya yi masa. Sai na ga ya kai ta hanci ya shinshina. Ya ce fentin bai kwana uku ba. Ya bi jikinta da farce a hankali tun daga sama, ya tsaya a tsakiya.

"Me kike gani a nan?"

Na duba sosai. "Wani siririn layi ne, Baba. Ya zagaye ta."

"Guda biyu aka yanka aka haɗa da walda, aka goge, aka shafa fenti."

Mai shagon bai musa ba. Ya juya ya ce wa maƙwabcinsa da Ibo, tsohon nan a yatsu idanunsa suke. Da muka fito na fassara wa Baba, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ce gobe sai garin Anaca.

Muka kama motar farko bayan asuba. Ana yayyafi tun daga Inugu har muka isa. Baba ya ce mu fara biyawa ta unguwar Hausawa da ke kusa da gada, mu karya, ya gaisa da mutane. Gaisuwar dattawa ba ta ƙarewa da wuri. An tambayi gida, an tambayi iyali, an tambayi damina, an yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu tun zuwansa na ƙarshe, har azahar ta yi. Na yi salla a ɗakin wata mai tuwo, na fito na zauna a bencinta ina hangen ƙofar masallaci.

Mutane suka fito, kowa ya zura takalminsa ya wuce. Baba ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Takalmansa na nan gabansa, taku biyu bai kai ba, ina ganinsu daga inda nake. Bai sunkuya ba. Ya miƙa ƙafa yana taɓa takalman mutane ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, in ya ji ba nasa ba ne ya matsa. Sai da ya taɓa wajen biyar kafin ya kai ga nasa.

Tuwon da ke hannuna ya fita a raina. Na tuna yadda ya riƙe hannuna a titi, na tuna kallon bakanike. Da ya iso na miƙe na karɓi jakar, na sa hannuna cikin nasa da kaina. Bai janye ba.

Kasuwar kayan gwanjo tana bayan gari, okada biyu muka hau. Ban taɓa ganin ƙarfe mai yawan wannan ba. Injuna jibge kamar tudu, ƙofofin mota a jere, ƙasa baƙa ƙirin da tsohon mai, ruwan sama na gudu a kanta yana canza launi. Masu jawo ciniki suka yanyame mu, kowa na cewa nasa ne na gaske. Baba ya yi ta tafiya kamar bai ji su ba, yana gaya mini in duba masa rumfar da farfela kawai take sayarwa, ban da mai tarkace iri-iri.

Muka samu a wani lungu. Mai rumfar mace ce, ta manyanta, sanye da rigar ruwa, tana zaune a kan tsohuwar taya. Na gaishe ta da Ibo, ta ɗago ta dubi hijabina ta sake dubana, ta yi murmushi. Ta ce rumfar ta mijinta ce, da ya rasu ta ci gaba. Na gaya mata irin motar. Ta buɗe wani ɗaki a baya mai daɓen siminti, ta ce mu shiga mu zaɓa da kanmu.

A jingine suke da bango, sun fi ashirin, babu fenti a jikin ko ɗaya, sai tsatsa da busasshen giris. Baba ya naɗe hannun rigarsa. Ya fara da igiya, duk wadda ba ta kai ƙulli ba ko ta wuce, a mayar da ita. Saura shida. Ya gwada faifan da ya zo da shi a bakin kowace, ni ina leƙa hudojin ina gaya masa ko sun hau juna. Saura huɗu. Ya ƙwanƙwasa su ya ajiye ɗaya gefe. Ya kama kowane kuros da hannu biyu ya murɗa, yana jin ko akwai sako-sako. Farfela tana da wani wuri da take zugewa ta tsawaita, mai haƙora a ciki. Ya zare shi, ya sa na goge da tsumma, ya bi haƙoran da yatsa.

"In sun yi kaifi kamar wuƙa, sun cinye. Na kirki kansu a faɗaɗe yake."

Ya nuna mini wasu ƙananan ɓallayen ƙarfe da aka manna a jikin bututun. Na ɗauka faci ne. Ya ce tun daga inda aka ƙera ta aka sa su don nauyinta ya daidaita, in ɗaya ya ɓalle mota za ta riƙa kakkarwa a guje. A jikin guda ya lalubo gurbin da ɗaya ya fita, ya ture ta.

Saura biyu. Ya sa aka share daɓen, ya kwantar da ta farko.

"Uwata, durƙusa. Sa idonki daidai da ƙasa. Zan mirgina ta, ki duba tsakaninta da simintin. In hasken yana ƙaruwa yana raguwa, ki faɗa mini."

Na tattare hijabina na durƙusa har kuncina ya kusa taɓa ƙasa. Ya mirgina a hankali. Hasken ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Na gaya masa. Ya kwantar da ta biyu. Wannan karon siririn hasken bai motsa ba daga farko har ƙarshe.

"Kin tabbata?"

"Sake mirginawa, Baba."

Ya sake har sau uku. Na ce na tabbata. Ya dafa ta ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan ce."

Ta gaban ce ta ba mu wahala. Guda ɗaya ce a ɗakin da ta dace da motar, lafiyayya ta kowace fuska, amma da ya ɗora igiya sai ta gaza ƙullin da kamar faɗin yatsa biyu. Ya riƙe ta ya daɗe, na ga yana so. Matar da ke tsaye a ƙofa ta ce in gaya masa kada ya ɗauka. Ta ce za ta hau, za ta kuma yi tafiya a kwalta, amma ranar da ƙafar gaba ta faɗa rami za ta zare. Na fassara. Baba ya ajiye ta, ya juya wajen da muryar matar take, ya ce in ce mata Allah ya yi wa 'ya'yanta albarka.

Ita da kanta ta fita cikin yayyafi ta samo wata a rumfar wani. Tsawonta daidai, bututunta a miƙe, haƙoranta lafiya, sai dai kuros ɗinta duka biyu sun mutu. Baba ya ce wannan mai sauƙi ne, kuros ana canza shi, bututu ne ba a gyarawa. Aka kawo masa kuros kala uku, ya zaɓi mafi nauyi, masu kan giris, ya buɗe murfin ɗaya ya sa na duba ko ƙananan alluran ƙarfen da ke ciki a cike suke. Ciniki bai ɗau lokaci ba.

Muna shirin fita ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Matar ta jawo mana benci, muka zauna a bakin ɗakin, ƙarafan a naɗe cikin buhu a gabanmu. Kwanon rufin na ta ƙara, sai da na matsa kusa kafin in ji abin da Baba ke cewa.

"Abin da ya faru ranar nan ba sakin farfela ba ne."

Na juyo na dube shi.

"Dutse ne. Ƙato, a tsakiyar hanya, da rana tsaka. Na ga wani abu baƙi-baƙi, na ɗauka ruwa ne ya kwanta, na bi ta kai. Hanyar nan na fi shekara ashirin ina binta." Ya goge hannunsa da tsumma, ko da yake ya riga ya goge. "Da na fito na shafa na ji dutse ne, sai na zauna a kansa. Can sai ga mata sun fito daga gona da kaya a ka, suna yi mini sannu. Ta nan suke bi kullum, Uwata. In ɗaya ta sunkuya tana gyara kaya a wurin, haka zan gan ta, baƙi-baƙi."

"Tun yaushe, Baba?"

"Idon hagu ya fi shekara. Na dama ne ya fara bana."

"Inna ta sani?"

"Ta sani mana. Ba ta dai faɗa ba. Ita ke ajiye mini buta a wuri ɗaya kullum."

Na ce me ya hana shi zuwa asibiti. Ya ce ya san abin da za su fara cewa, ya ajiye tuƙi, shi kuma bai shirya ji ba. Yanzu ya ji da kansa. Ya ce ya riga ya kira Baffa, ƙanensa da ke Fatakwal yana dakon kaya da motar haya a kasuwar Creek Road, ya ce ya zo ya ɗauki motar.

Na ce, "To in bayarwa za ka yi, me ya sa duk wannan wahalar? Da ka bar Baffa ya gyara abinsa."

Ya juyo da fuskarsa wajena. "Baffanki da ya ga mai sheƙin nan ta Kol Kam zai saya. Kuma ƙauyukan can nasu duk ruwa ne. Ni na lalata ta, ni zan gyara. Ba zan miƙa wa ɗan'uwana abin da zai zubar da shi a daji ba."

Matar ba ta jin Hausa, amma ta dube mu ta shiga ciki, ta dawo da dafaffiyar gyaɗa a takarda ta ajiye a tsakaninmu. Muka ci muna jiran ruwa ya tsagaita. Bayan isha'i muka isa Inugu.

Kwana biyu aka yi ana aikin. Baba na zaune a kan benci a garejin tun safe, ana buga sababbin kuros yana sauraro. Da bakaniken ya matsa kusa da ni ya tambaye ni a hankali da Ibo ko Baba ya gaya mini zancen idonsa, na ce e. Ya gyaɗa kai ya ce, "Na gode wa Allah. Na rasa ta inda zan fara."

Baffa ya iso rana ta uku. Ya durƙusa ya gaida yayansa, suka ɗan keɓe. Da suka dawo idanun Baffa sun yi ja. Baba ya ce a fita gwaji, ya miƙa masa makulli kamar abin da ya saba yi kullum. Ya zauna a gefen ƙofa, ni a tsakiya, bakaniken ya hau baya da akwatin kayan aikinsa.

Mun hau kwalta ke nan, Baffa ya ɗan taka, Baba ya ɗora tafin hannunsa a ƙasan motar.

"Tsaya."

"Yaya, lafiya take tafiya."

"Akwai kakkarwa. Tsaya."

Ni ban ji komai ba. Muka tsaya a gefen titi, bakaniken ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Jim kaɗan muka ji yana faɗa da kansa. Wajen mayar da inda farfelar baya take zugewa, an goce da haƙori ɗaya, kawunan biyu ba su kalli juna daidai ba. Ya kwance, ya juya, ya ɗaure. Ya fito yana ba Baba haƙuri. Baba ya ce ba komai, ai don haka ake gwaji.

Muka sake hawa. Wannan karon hannun Baba ya daɗe a ƙasa bai ce a tsaya ba. Ya sa Baffa ya saki kwalta ya bi wata jar hanya da ke hawa tudu a bayan gari. Ruwan jiya ya farfasa ta, laka har gwiwa a wasu wuraren. A gindin tudun ya ce a sa giyar ƙafa huɗu.

"Kada ka ba ta wuta da yawa. Bar ta ta ja da kanta. In ka ji ƙafa ta kama dutse, sassauta. Fizga ce ke karya kuros."

Motar ta yi ƙugi ta fara hawa, tana zamewa tana kamawa, laka na fantsama a gilashi. Baffa ya haɗa gumi. Baba ya rufe ido ya jingina kai, yana cewa dama kaɗan, yanzu miƙe, kamar yana karanta hanyar da jikinsa. Da muka kai sama ya ce a kashe. Ba abin da ake ji sai ƙarar injin yana hucewa. Ana hango rufin gidajen Inugu a ƙasa, jajaye da tsatsa. Ya tambaye ni ko ana ganin gari daga nan, na ce ana gani. Ya ce to, mu koma.

Da yamma ya zaunar da Baffa a ƙofar gida ya yi masa karatu. Duk ranar da ya ratsa ruwa, ya ɗura giris kafin ya kwanta, ya ci gaba da ɗurawa har sai ya ga mai tsabta ya fito. Duk mako ya shiga ƙarƙashi ya girgiza farfela da hannu. In ya ji ƙwas lokacin da ya sa giya, kada ya jira gobe. Kada ya bar giyar ƙafa huɗu a kan kwalta. Ya ɗauko famfon giris ɗinsa, wanda hannunsa ya goge har ya yi fari, ya ba shi. Baffa na ta cewa to Yaya, to Yaya.

Washegari da hantsi Baffa ya tafi da motar. Maƙwabta suka fito, don kowa a layin ya san motar. Baba ya tsaya a bakin ƙofa har ƙararta ta ɓace a cikin hayaniyar Ogbete, sannan ya shiga ya ce wa Inna ta nemo masa katin asibiti.

Ni na kai shi. Likita ta ce na dama yanar ido ce, ana iya cirewa. Na hagu kuwa jijiyar ta riga ta mutu, da an zo da wuri da an tsayar da ciwon. Baba ya ce haka Allah ya so. Aka yi aikin bayan na koma Fatakwal, ya samu gani daidai na gane fuska da karanta Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe. Bai sake tuƙi ba, bai kuma taɓa neman ya yi ba.

Watannin farko sun yi masa tsanani. Inna ta ce yakan dawo daga masallacin asuba ya tsaya a filin da motar take kwana, ya rasa inda zai nufa. Ya rame, ya rage magana. Bakaniken ne ya zo da kansa wata rana ya ce yana neman taimako, ana kawo masa kayan jabu yana kasa ganewa. Na san rabin maganar ƙarya ce, Baba ma ya sani, amma ya bi shi. Daga nan kullum yana garejin daga hantsi zuwa la'asar. Direbobin arewa masu kawo shanu da albasa suka ji labari, suka riƙa biyowa da abin da suka saya ya taɓa musu kafin a ɗaura.

Motar ta yi wa Baffa aiki shekaru a ƙauyukan bakin ruwa. Nakan gan ta wani lokaci a Creek Road, ana sauke mata buhunan garin rogo. Sau biyu ya canza kuros na gaba. Farfelar baya ba a sake kwance ta ba har injin ya gaji aka sayar da motar.

Baba ya rasu a Inugu bayan gajeruwar jinya, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta garin. Ya sha cewa zai koma gida arewa in ya huta, bai koma ba. Ranar addu'ar uku ina cikin mata aka ce ana sallama da ni a waje. Na fito na tarar da direbobi kusan goma a tsaye, yawancinsu ban san su ba, wasu daga Anaca, wasu daga Fatakwal, bakaniken na tsakiyarsu sanye da hular da Baba ya ba shi wata sallah. Babbansu ya yi mini gaisuwa, ya ce sun ajiye lodi ne suka zo, kuma za su juya yau. Na shiga na gaya wa Inna, ta ce a shimfiɗa musu tabarma a zaure, kada wanda ya tafi bai ci abinci ba.